Na faɗi ra'ayina a kan littafin ƙanwar mijina, yanzu dangi sun juya mini baya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 31, 'ya'yana uku. A Agege ta Legas aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro. Ɗinki nake yi a gida. Maigidana mutumin Katsina ne, yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12.

Tun ina sakandare nake karanta littattafan Hausa. Akwai wanda na karanta sau huɗu, labarin wata bazawara mai sayar da abinci a tasha. Duk lokacin da na zo wurin da ɗanta ya kwanta asibiti, tsohuwar kishiyarta ta aiko mata da kwanon abinci alhali ba sa magana, sai na yi hawaye. Akwai kuma waɗanda ba na iya kaiwa rabi, irin na saurayi ɗan shekara 28 mai jirgin sama da yarinya mai kuka daga shafin farko har na ƙarshe. Irin waɗannan ajiyewa nake yi in kama harkata.

Bara da na haihu, ƙanwar mijina 'yar shekara 22 ta zo ta yi wata huɗu a wurina tana taya ni aiki. Da ta koma gida sai ta fara rubuta littafi, tana sakin shafi kullum a zauren WhatsApp, ana biyan naira 1,000 a shiga. Na biya don in ƙarfafa mata gwiwa. Muguwar cikin labarin matar yayan jarumar ce, haifaffiyar Legas, tela, mai wushirya, Hausarta a cakuɗe da Yarbanci, ba ta iya tuwo ba sai amala, ba ta da kunya, kuma tana bin bokaye. Anti, ina da wushirya, kuma keken ɗinkina a bakin taga yake kamar yadda ta rubuta.

Ranar da aka ce kowa ta faɗi ra'ayinta, na rubuta cewa labarin ba shi da alkibla, jarumar ba ta da aiki sai kuka, kuma an kwaikwayi littattafan wasu. Ban taɓo zancen matar yayan ba. Ta cire ni daga zauren, ta ɗauki hoton abin da na rubuta ta kai wa Hajiya surukata. Hajiya ta kira maigida ta ce baƙin ciki nake yi wa 'yarta. Shi kuma ya ce in kira ƙanwar tasa in ce wasa nake yi, littafin ya yi kyau, sannan in daina karatun littattafan nan gaba ɗaya tunda fitina suke kawowa. Yau sati uku ba ma magana da ita, Hajiya kuma a daƙile take amsa gaisuwata. Ni ba zan iya ƙarya ba. Laifi ne don littafi bai yi mini daɗi ba?

Daga wata 'yar'uwa, Agege.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya sa albarka a sana'arki.

Bari in fara da tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita, don na ga ita ta fi ci miki rai. A'a, ba laifi ba ne. Ba a tilasta wa harshe jin zaƙin abin da bai yi masa zaƙi ba, haka zuciyar mai karatu take. Kin biya kuɗinki, kin ba da lokacinki, kuma kin yi shekaru fiye da goma kina karatu. Yadda kika ba ni labarin bazawarar nan ma ya nuna mini ke ba mai karatun sama-sama ba ce. Dubi abin da ya kama ki a ciki: kwanon abinci. Ba mota ba, ba gidan bene ba. Mace ce da aka bar ta a matsayin ɗan Adam, tana jin haushin kishiyarta, amma ta ji yaro na asibiti ta kasa zama. Duk macen da ta taɓa zaman gidan yawa ta san wannan kwanon, ta san yadda ake miƙa shi ta hannun yaro ba tare da saƙo ba, ta kuma san yadda ake karɓarsa. Marubuciyar da ta iya hango wannan ta san mutane, mai karatun da ta iya tsayawa a kansa ta yi hawaye ita ma ta san mutane. Saboda haka idan kika ce littafi bai yi ba, ni zan saurare ki.

Amma akwai wurin da ban yarda da ke ba, kuma zan faɗa miki don kin zo neman gaskiya ne. Abin da kika rubuta a zauren nan ba shi ne abin da ke ranki ba. Ke da bakinki kika ce littattafan kuka ajiye su kike yi ki kama harkarki. Kin yi haka sau nawa? Ba ki taɓa bin wata marubuciya kin gaya mata labarinta ba shi da alkibla ba. To me ya sa wannan karon kika kasa ajiyewa? Ruwa ba ya tsami banza. Wushiryar nan da keken ɗinkin bakin taga su suka riƙe hannunki ranar da kika yi rubutun. An taɓa ki a inda yake miki ciwo, kika ji nauyin cewa "ni kike nufi?" a gaban mutane, sai kika nemi inda yake mata ciwo kika taɓa. Maganganunki uku wataƙila duk gaskiya ne, amma da zafin wata magana ta huɗu kika faɗe su, wadda kika haɗiye.

Wannan shi ya rikita komai. Yarinyar ta ga duka, ba ta ga dalilinsa ba, ko kuma ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Hajiya ta ga hoton saƙo guda, babu abin da ya gabace shi. Maigidanki ya ji kukan mahaifiyarsa a waya. Mutum huɗu kuna ta ja-in-ja a kan ko littafi ya yi kyau ko bai yi ba, alhali ainihin maganar tana nan kwance ba wanda ya ɗaga ta. Muddin ba a ɗaga ta ba, ko kin ba da haƙuri sau goma, za ki ci gaba da jin abin a maƙogwaronki duk ranar da kuka haɗu a biki.

To, ke ɗin take nufi? Na juya wannan tambaya sosai. Ga abin da ke sa ni sassautawa. Muguwar mace 'yar bariki, wadda ta tashi a kudu, ba kunya ba tarbiyya, tsohuwar riga ce a littattafanmu da finafinanmu. An daɗe ana sa wa mata ita, kuma yawancin masu rubuta ta ba su taɓa kwana a Agege ko Idi-Araba ba. Yarinyar da ta tashi tana karanta irin wannan, idan ta zo neman muguwa, hannunta can zai fara kaiwa ba tare da ta yi tunani ba. Sannan sabon marubuci ba ya iya ƙirƙirar ɗaki, sai ya ɗauko wanda ya sani. Ita kuwa Legas guda ɗaya ta sani, ita ce ta cikin gidanki: tagarki, kekenki, tukunyarki, yadda kike cewa "oya" idan kina koro yara makaranta. Ɗebo abin rubutu daga rayuwa ba aibi ba ne. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, abin da ta gani da idonta shi ta riƙa zubawa a littattafanta tun shekarun 1980, shi ya sa suka yi nauyi. Bambancin shi ne gogaggen marubuci yana sauya kamanni har mai abin ba zai gane kansa ba, sabo kuwa yana kwafowa ne ɗanye.

Ga kuma abin da ke hana ni wanke ta tas. Da tela kawai ta ce, ko haifaffiyar Legas kawai, sai in ce dace ne. Amma matar yaya, ga wushirya, ga keke a bakin taga, abin ya yi yawa. Kuma ta san kina cikin zauren, ta karɓi kuɗinki. Hausawa na cewa wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mai yiwuwa a wata huɗun nan akwai abin da ya ɓata mata rai ta haɗiye. Ki tuna da kyau. Mai jego ga ciwon jiki ga rashin barci ga kayan mutane da ba a ɗinka ba, baki kan yi kaifi ba da niyya ba. Ita kuma budurwa ce da ta baro ƙawayenta ta zo garin da ba ta jin yaren titinsa, tana wanke-wanke da wankin jariri. Ba ina cewa kin zalunce ta ba ne. Ina cewa ki bar ƙofar wannan a buɗe, don idan kuka zauna za ki iya jin abin da ba ki zata ba. Ni da ke duk ba mu san zuciyarta ba, Allah kuma Ya gaya mana a Suratul Hujurat cewa sashen zato zunubi ne. Maganin zato tambaya, ke kuwa har yau ba ki tambaya ba.

Kafin in wuce, akwai abin da nake so ki cire daga ranki, don na ji shi a ƙarƙashin kalamanki. Kada wani littafi ya sa ki ji kamar Hausancinki ragagge ne. Hausawa ba jiya suka zo Legas ba. Rundunar da sojan Najeriya ke kirga asalinsa daga gare ta, a Legas aka kafa ta a 1863, kuma da sunan Hausawa aka san ta. Layin dogo ya bi ta Agege ya isa Kano, fataken goro irin kakanki da masu shanu suka yi zango, zangon ya zama unguwa, unguwa ta yi sarki da masallatai da makarantun allo. 'Ya'yan waɗannan gidaje sun tashi da harshe biyu ko uku a baki, suna cin tuwo suna cin amala, suna sallar Idi da Yarbawa maƙwabtansu. Na san mata a Idi-Araba da suka haddace izu da yawa, waɗanda idan suna ciniki a kasuwa ba za ki ce ba Yarbawa ba ne. Wannan arziki ne. Haushin da kika ji ba naki ke kaɗai ba ne, na unguwa guda ne da aka saba yi wa kuɗin goro a rubuce, kuma haushi ne mai hujja.

Yanzu ki zo mu tsaya a inda yarinyar take. Ke tela ce, don haka za ki fahimci wannan fiye da kowa. A ce mai kaya ta zo karɓar ɗinkinta, ta sa rigar tana juyawa gaban madubi, ga wasu mata biyu zaune suna jiran a gwada su, sai wata 'yar'uwarki ta shigo ta ɗaga hannun rigar ta ce ai wannan ɗinkin a karkace yake, kuma samfurin na wata tela ce aka sata. Ko da gaskiya ta faɗa, yaya za ki ji? Zauren nan shagonta ne. Matan da ke ciki masu sayen kayanta ne. Da babban yatsa take buga labarin nan a waya, shafi bayan shafi, kullum, ana bin ta da "ina ci gaba?" tun kafin ta karya kumallo. Babu mai duba mata, babu mai gyara mata. A zamanin da ake buga littafi a takarda, akwai ƙungiyoyin marubuta a Kano irin su Raina Kama, inda sabo zai iya samun na gaba da shi ya duba masa. Ita kuwa abin da masu karatu suka yi wa tafi jiya shi take ƙarawa yau. Idan sun ce jaruma ta ba su tausayi, gobe sai ta ƙara mata kuka. Haka ake samun labarin da ba shi da alkibla, ba lallai don marubuciyar ba ta da basira ba.

Sannan kalmar kwaikwayo da kika yi amfani da ita ta fi sauran nauyi. A wurin marubuta, wannan dab take da cewa ɓarauniya. Ki haɗa da cewa mace mai rubutun soyayya a ƙasar Hausa dama a ɗarare take. An daɗe ana zarginsu da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka tara irin waɗannan littattafai aka ƙona a wata makarantar 'yan mata a Kano. Mai yiwuwa a gidansu ma sai da ta sha fama kafin a bar ta. Sai ga suka ta fito daga cikin dangi, a bainar jama'a. Akwai maganar da ake dangantawa ga Imamu Shafi'i, cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa wa'azi a asirce ya yi masa nasiha, wanda kuwa ya yi masa a gaban mutane ya tozarta shi. Laifinki a nan yake, a wurin da kika zaɓa. Ra'ayinki naki ne, ba za ki janye shi ba.

Ita ma ta yi nata kuskuren. Kai ƙarar matar yaya wurin uwa da hoton saƙo, ba tare da ta kira ki ba, yarinta ce, kuma ta kunna wutar da ta fi ƙarfin littafi.

Hajiya ba zan daɗe a kanta ba. Uwa ce, an nuna mata 'yarta na kuka. Ba ta karanta littafin ba, da wuya kuma ta karanta. Kada ki yi mata bayanin alkiblar labari, ba shi ne a gabanta ba.

Maigidanki kuwa, ki yi masa adalci. Mutumin da ke fita tun kafin asuba ya tari motocin tumatir da tattasai, ya wuni a cikin hayaniyar Mile 12 yana tsoron kada kaya su kwana su lalace, ya dawo cikin cunkoso, sai ga wayar mahaifiyarsa. Hanya mafi kusa ya nema ta kashe wutar. Bai ce ki yi ƙarya don ya raina ki ba, ya faɗa ne don a ganinsa maganar littafi ce kawai, littafi kuwa bai kai a ɓata da uwa a kansa ba. Bai san akwai wushirya a ciki ba. Ta yaya zai sani, tunda ba ki gaya masa ba?

Don haka da shi za ki fara. Ba da daddare yana shigowa ba. Ki bari ranar da ya samu sarari, ya ci abinci ya huta, yara sun fita. Ki ciro wurare biyu ko uku daga shafukan da ke wayarki, waɗanda suka fi fito da kamannin, ki karanta masa ko ki miƙa masa ya karanta da kansa. Kada ki haɗa da sharhi, kada ki ce "ka ga abin da ƙanwarka ta yi mini". Ki ce masa, "Baban yara, ga abin da ya sa na yi maganar da na yi. Na yi kuskure da na faɗa a cikin mutane, zan kuma ba ta haƙuri a kan haka. Amma ina so ka san abin da ya taɓa ni." Sannan ki roƙe shi abu guda: kada ya kira ta da faɗa, kada ya kai wa Hajiya. Idan ya ɗauki waya cikin fushi, maganar ta zama an haɗa wa da ƙanwa, kuma a kanki za ta ƙare. Ki ce ya ba ki dama ki fara gwadawa.

Daga nan ki kira ta. Kira, ba rubutu ba, ba kuma saƙon murya ba, don duk abin da za a iya turawa gaba an riga an nuna miki za a tura. Ke ce babba, kuma sati uku ya yi yawa, Manzon Allah (SAW) kwana uku ya iyakance wa Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa. Ki gaishe ta da sunan da kika saba kiranta, ki tambayi mutanen gida, ki ce jaririn da ta yi wa wanka ya fara tafiya ko ya fara haƙori, duk wanda ya samu. Sai ki ce, "Na kira ne in ba ki haƙuri. Bai kamata in yi miki gyara a gaban masu karatunki ba, kamata ya yi in same ki ke kaɗai. Kalmar kwaikwayo kuma ta yi tsauri." Ki lura, babu ƙarya ko ɗaya a nan. Ba ki ce wasa kike yi ba, ba ki ce littafin ya burge ki ba. Idan ta tambaye ki kai tsaye ko yana da kyau, ki nemo abin da ya yi kyau da gaske ki faɗa. Ba a rasawa. Wadda ta iya riƙe mata suna biyan kuɗi suna jiran shafinta kullum, akwai abin da ta iya.

Bayan ta sauko, sai ki ɗaga maganar da aka binne, cikin sanyin murya: "Akwai abin da ya sa raina ya ɓaci ban faɗa ba. Da na karanta matar yayan nan, kaina na gani. Idan akwai abin da na yi miki lokacin da kike wurina, ki gaya mini, in nemi yafiyarki." Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, amma kada ki cike shi.

Abu uku ne zai iya biyowa. Ta iya rantsewa ba ke take nufi ba. Ki karɓa, ko da zuciyarki ba ta gama yarda ba, ki ce to ki taimake ni, dangi na karantawa, a rage kamannin. Tunda kullum take sakin labarin, a hannunta yake ta juya shi. Ta ma iya ba matar yayan nan wata fuska ta alheri a gaba, kuma a nan ne za ki ba ta labarin kwanon abincin da ke sa ki hawaye, ki nuna mata cewa muguwar da ke da ɗan alheri ta fi zama a zuciyar mai karatu. Wannan ita ce gyarar da za ta amfane ta har ƙarshen rubutunta. Ta iya kuma fashewa da kuka ta zazzage miki abin da ke cikinta. Ki saurara har ta gama, kada ki tsaya kare kanki a kan kowace gaɓa, ki ba da haƙuri a kan wanda kika san kin yi. Na ukun shi ne ta ƙi ɗauka, ko ta yi miki rashin kunya. Idan haka ta faru kada ki rama, kada ki sake kira a ranar. Ki nemi wata babba a danginsu da ke jin maganarki, yayar maigida ko gwaggonsu, ta shiga tsakani. Idan kuma bayan duk wannan aka ci gaba da yi miki habaici a rubuce, to lokacin ne maganar ta zama ta maigida, don kare mutuncin matarsa a cikin danginsa haƙƙi ne a kansa, kuma yanzu ya san abin da ake ciki.

Tunda a gaban mutane aka yi ɓarnar, yana da kyau a ɗan gyara a gabansu. Idan ta mayar da ke zauren, layi biyu sun isa: kin yi gaggawa a maganarki ta baya, kina yi wa ƙanwarki fatan alheri. Daga nan ki ja bakinki. Ni da za ki bi tawa ma, bayan kwana biyu ki gaya mata a keɓe cewa za ki fita, don zama cikin zauren zai sa kullum ki riƙa karanta shafi kina laluben kanki a ciki, wannan kuwa ba karatu ba ne, azaba ce. Hajiya kuma ki ci gaba da gaishe ta kamar yadda kika saba, kada ki rage ko kwana ɗaya. Ranar da kuka shirya da yarinyar, ki ce mata, "Hajiya, mun yi magana da ƙanwata, na ba ta haƙuri, a yafe mini." Idan mai zuwa gida ya samu, ki ɗinka mata ko da ɗan mayafi ne ko rigar shan iska ki aika. Aikin hannunki zai faɗa mata abin da waya ba za ta faɗa ba.

Saura batun daina karatu. Ban goyi bayan ki daina ba, ban kuma goyi bayan ki riƙa yi a ɓoye kina tura waya ƙarƙashin filo idan kin ji motsinsa ba. Ina kyautata zaton cikin gajiya ya faɗa. Bayan ƙura ta lafa ki koma masa da maganar. Ki nuna masa cewa shekara da shekaru kina karatu a gidansa bai taɓa jawo fitina ba, abincinsa bai taɓa makara ba, kayan mutane ba su taɓa kwana don littafi ba. Ki yi masa alkawarin abin da za ki iya cikawa: ba za ki ƙara yin sharhi a kan rubutun wani na jiki a cikin jama'a ba. Idan akwai nau'in littattafan da yake ƙyama, irin waɗanda ake cusa batsa don a ja masu saye, ki tabbatar masa ke ma ba kya kusantarsu. Mafi yawan maza idan suka ga an ba damuwarsu muhimmanci sukan sassauta. Wata rana ma ki ba shi labarin bazawarar nan da baki, yana cin abinci. Mai sana'a a kasuwa ya san mata masu abinci a tasha fiye da ni da ke, za ki yi mamakin abin da zai ƙara miki.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarki. Kin iya ba da labari. A layi uku kika sa na ga kwanon nan. Kin ce ana rubuta matan Legas ba yadda suke ba, to wa zai rubuta su yadda suke? Tsofaffin gidanku da suka san zamanin goro ba za su dawwama ba. Ki sayi ɗan littafin rubutu ki ajiye kusa da keke, ki riƙa zama da su kina tambaya, yadda kakanki ya zo, inda ya sauka, wa ya ba shi masauki, yadda kakarki ta koyi Yarbanci. Sashen Hausa na BBC yana da gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata tun 2016, ki riƙa bibiyar sanarwarta, ki kuma gaya wa ƙanwar taki idan kun shirya, don gajeren labari zai koya mata taƙaitawa. Ba dole ba ne ki shiga, ba kuma don ki rama za ki yi ba. Idan kin ji ranki bai kwanta da rubutu ba, ki bar shi, mai karatu mai ido irin naki ma ba a samunta a ko'ina.

Ki sake rubuto mini bayan kun yi wayar, ina son jin abin da ta ce. Littafin bazawarar kuma ki ciro shi ki yi masa karatu na biyar, kin yi sati uku ranki a dagule. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sanyaya zuciyar Hajiya. A shafa mini kan yara.